Nintendo Switch da gem ɗin kamfanonin waje: abin da mai saye a Saudiyya zai duba kafin ya biya

Na'urar gem kamar kasuwa take. Mai kasuwa yana da tasa rumfar a bakin ƙofa, amma abin da ke sa jama'a su yi ta sintiri shi ne sauran 'yan kasuwar da suka kama rumfuna a ciki. Kamfanin Nintendo yana da Mario, da Zelda, da Mario Kart, kuma ba a samunsu a wata na'ura sai tasa. Sai dai yaron da ya tashi a Shara Mansur ko Misfala, ko matashin da ke haɗuwa da abokai a istiraha, wato wurin hutawa da hira, ranar Alhamis da dare a Riyad, ba Mario yake fara tambaya ba. Ƙwallo yake tambaya, sai Fortnite, sai Call of Duty, sai GTA. Babu ko ɗaya a cikinsu da Nintendo ya yi. Kayan EA ne, da Epic, da Activision, da Rockstar. Su ake nufi da kamfanonin waje, kuma irin riƙon da suka yi wa Switch shi ne abin dubawa a nan.

A taƙaice, rumfunan Switch suna da yawa ƙwarai, fiye da na duk wata na'ura da Nintendo ya taɓa fitarwa, amma kayan cikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya kawo kaya na gari, akwai wanda ya kawo kwantai ya sa masa farashin sabo, akwai kuma manyan da har yau ba su buɗe rumfa ba. Wanda ya sayi Switch da tunanin ƙaramar "Soni" ce, kamar yadda ake kiran PlayStation a nan, zai yi da-na-sani cikin mako guda.

Tsakanin Nintendo da kamfanonin waje tsohuwar tsama ce. A zamanin tsohuwar na'urarsa NES kamfanin ya ƙayyade wa kowa gem biyar a shekara a kasuwar Amurka, kuma a wurinsa ake buga kaset. Da aka zo kan Nintendo 64 ya nace wa kaset ɗin da bai wuce mega 64 ba, alhali faifan PlayStation yana ɗaukar wajen mega 650 a kan kuɗi kaɗan. Dalilin da ya sa Square ya kwashe Final Fantasy VII ya kai wa Sony ke nan, aka fitar da shi a 1997. Mafi muni ita ce Wii U ta 2012: miliyan 13 da rabi kacal aka sayar a duk rayuwarta, kuma tun 2013 EA ya daina yi mata gem. Kasuwar da babu masu saye 'yan rumfa ba sa zama, idan suka tashi kuma ragowar masu sayen su ma sai su watse.

Switch ta fito ranar 3 ga Maris 2017, ta gyara abu biyu. Na farko, an sa mata ƙwaƙwalwar Tegra X1 ta Nvidia, kuma tun daga farko injinan da masu haɗa gem suka saba da su, wato manhajojin da ake gina gem a kansu, Unity da Unreal Engine 4, suna aiki a kanta. Ƙaramin kamfani mai mutum biyar zai iya kai gem ɗinsa ba tare da ya sake gini daga tushe ba. Na biyu, ta samu karɓuwa. An sayar da sama da miliyan 150, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙin kasuwa mai cika haka.

Matsalar tana cikin na'urar. Ram ɗinta giga 4 ne, kuma abin da gem ke samu bai fi uku da ɗoriya ba, sauran na tsarin na'urar ne. PS4, wadda ta girme ta da fiye da shekara uku, giga 8 gare ta; PS5 kuwa 16. Ƙwaƙwalwar Switch irin ta wayar hannu ce, ta gidan ARM, mai zuciya huɗu da ke gudu a kan gigahaz ɗaya da 'yan kai, uku ne kawai aka sakar wa gem. PlayStation da Xbox kuma irin ta kwamfuta suke amfani da ita. Ga shi kuma idan aka zare Switch daga mazauninta na talabijin, ɓangaren zana hoto yana rage gudu zuwa wajen rabi don batir ya daɗe. Don haka kawo babban gem kan Switch ba kwafa ba ne, ɗinki ne. Babbar riga ce ta magidanci za a rage wa yaro: a datse tsawo, a rage aiki a wuya, a cire wani yadin, amma a bar ta tana kama da riga. Ana rage kaifin hoto, ana rage ciyawa da inuwa da yawan mutanen da ke yawo a titi, ana sauko da gudu daga hoto 60 a sakan zuwa 30. Kyan rigar ya danganta da telan.

Shi ya sa mai saye ya kamata ya san sunayen teloli. Panic Button ne ya ɗinka Doom a 2017, gem ɗin da mutane da yawa suka yi zaton ba zai taɓa tashi a na'urar hannu ba. Hoton ya ɗan dushe, gudun ya koma 30, amma wasan yana nan cif. Saber Interactive ya kawo The Witcher 3 a Oktoban 2019, da duk ƙarin labaransa, a kan kati ɗaya mai giga 32 ba tare da an sauke komai ba. Kaifin hotonsa 540p ne a hannu, 720p a talabijin. A ƙaramin allo abin sha'awa ne, a talabijin mai inci 55 kuwa dishi-dishin yana fitowa fili. Feral Interactive ya yi aiki mai tsabta a GRID Autosport. Skyrim da Red Dead Redemption na farko sun zauna daram, don asalinsu na zamanin PS3 ne, rigar ba ta yi yawa ba. Hogwarts Legacy, wanda ya iso a Nuwamban 2023, wata tara bayan na PS5, an sake masa fasalin wasu wurare, an sa jira a bakin ƙofofin shaguna inda a sauran na'urori kai tsaye ake shiga. Wannan ragi ne na gaskiya, mai saye ya san abin da ya rasa kuma abin da ya samu yana aiki.

Ɗaya ɓangaren kuma ba daɗin faɗa. WWE 2K18 ya fito yana jan ƙafa, idan 'yan kokawa suka yi yawa a fili sai wasan ya koma kamar ana tafiya cikin ruwa, kuma daga shi ba a sake kawo babban gem ɗin WWE 2K kan Switch ta farko ba. Ark na 2018 ya yi munin da sai da aka ba wani kamfani ya sake shi gaba ɗaya a 2022. Tarin tsofaffin GTA uku da aka sake fitarwa a ƙarshen 2021 ya zo da kurakurai a ko'ina, amma na Switch ya fi jin jiki. Mortal Kombat 1 na 2023 an sa masa dala 70, daidai da na PS5, wato riyal 262 da rabi kafin haraji, ga fuskoki sun lalace ga dogon jira kafin a fara faɗa. Batman: Arkham Knight ya biyo baya da sarƙewa duk lokacin da aka hau mota. An yi wa wasu daga cikinsu gyara daga baya, amma gyaran ta intanet yake zuwa. Abin da ke kan katin yana nan yadda aka buga shi. Wannan yana da muhimmanci ga wanda zai kai na'urar inda data ke da tsada.

Batun ƙwallo shi ya fi shafarmu, don a gidajenmu da yawa gem ɗaya ake saye a shekara kuma shi ne. FIFA 18 da FIFA 19 na Switch ba a kan Frostbite, injin da EA ke yin na PlayStation da shi, aka yi su ba, wani tsohon inji aka gyara, amma suna gudu a 60 kuma suna da daɗin bugawa. Daga FIFA 20 har zuwa FIFA 23, shekara huɗu a jere, EA ya riƙa fitar da abin da ya kira Legacy Edition: wasa ɗaya ne, riguna da sunayen 'yan wasa kawai ake sabuntawa. Kamfanin bai ɓoye ba, yana rubuce a kwali, amma uba nawa ne ke karanta wannan layin a gaban kanta? Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan huɗun a kasuwar hannu ta Haraj ko a shagon tsofaffin kaya, ya sani bambancin 20 da 23 bai kai a ƙara masa riyal hamsin ba.

Da EA Sports FC 24, sabon sunan da ya maye gurbin FIFA, abin ya canza. An dawo da shi kan Frostbite, aka sa cikakken Ultimate Team, sashen da mutum ke tara 'yan wasa ya haɗa tasa ƙungiyar, da sauran sassan da aka daɗe ana hana masu Switch. Ƙungiyoyin gasar Saudiyya suna ciki, Hilal da Nasr da Ittihad da Ahli, don gasar ta daɗe a jerin tun FIFA 13. Amma an biya kuɗin wannan da abu biyu. Gudun ya sauko zuwa 30, kuma wanda hannunsa ya saba da 60 a PlayStation zai ji bas ɗinsa da yankansa suna makara. Girman gem ɗin kuma ya kai wajen giga 30, alhali ma'ajin Switch ta farko da ƙaramar samfurinta Lite giga 32 ne a rubuce, abin da ke hannunka bai kai 26 ba. Ma'ana ba zai shiga ba sai da memori. Sannan mai Switch ba ya haɗuwa da mai PlayStation a wasan intanet na FC. Idan 'yan ajin yaronka duk Soni gare su, shi kaɗai zai zauna. Ko a Switch 2, sabuwar da ta gaje ta, FC 26 a kan 30 ya fito. eFootball na Konami, wanda ake bugawa a waya a kowane lungu, bai taɓa zuwa Switch ta farko ba. Ga mai neman ƙwallo zalla, PS4 ta hannu ta fi Switch sabuwa.

Call of Duty na ƙarshe da ya zo na'urar Nintendo kafin Switch shi ne Ghosts na Wii U a 2013. A Fabrairun 2023 Microsoft ya sa hannu a yarjejeniyar shekara goma cewa zai kawo shi, lokacin da yake neman izinin sayen Activision, amma Switch ta farko ba ta ga ko ɗaya ba. Yarjejeniya ba gem ba ce, kada mai shago ya sayar maka da alkawari. GTA V babu. Tekken babu. PUBG babu. Genshin Impact an sanar tun 2020 cewa yana tafe, shiru. Masu son tseren mota kuma su lura da wani abu da ba a cika faɗa ba: maɓallan baya na hannun Switch, ZL da ZR, kunnawa da kashewa kawai suka sani. Ba a iya taka mai kaɗan-kaɗan kamar a hannun PlayStation, ko dai ka take duka ko ka saki. Switch 2 ma haka ta zo.

Fortnite yana nan tun Yunin 2018, kyauta, ba ya buƙatar kuɗin rajistar Nintendo Switch Online, yana haɗa ka da masu kowace na'ura, kuma ana magana da abokai ta lasifikar kunne mai waya kai tsaye. A 30 yake gudu, abokin karawarka na PS5 kuma a 60 ko 120. Rocket League da Minecraft su ma suna haɗa na'urori.

Inda Switch ta yi zarra shi ne ƙananan kamfanoni. Hollow Knight, Hades, Stardew Valley, Celeste, Dead Cells, Overcooked: ba su da nauyi, don haka ba a rage musu wani abin kirki ba, farashinsu sau da yawa bai kai rabin na manya ba, kuma irin wasan da ake yi minti ashirin a ajiye ne. Wanda ke zirga-zirga a jirgin ƙasan Haramain tsakanin Makka da Madina, ko ɗalibin da ke zaune a ɗakin haɗaka babu talabijin, ba zai samu abin da ya fi wannan ba. Kamfanonin Japan ma sun riƙe ta da kyau. Capcom a kanta ya fara fitar da Monster Hunter Rise a 2021, an yanka shi ne daidai jikinta, kuma ana gani.

Akwai rukuni ɗaya da za a guje wa baki ɗaya, waɗanda aka rubuta wa Cloud Version. Control, Hitman 3, Kingdom Hearts, Resident Evil Village da 'yan uwansa. Gem ɗin ba ya cikin na'urarka, yana gudu ne a wata kwamfuta mai nisa ana turo maka hotonsa. Kowane danni sai ya je ya dawo. Ko da faiba gare ka, nisan da ke tsakaninka da wannan kwamfutar ba ya raguwa, kuma ranar da kamfanin ya rufe hidimar kuɗinka ya tafi. Suna ba da gwaji na 'yan mintuna kyauta, amma gwajin da aka yi da rana ba ya nuna abin da zai faru bayan isha'i lokacin da kowa ya hau layi.

Sai maganar kati, wanda yaran nan ke kira sharit. Buga katin Switch ya fi buga faifai tsada, kuma tsadar tana hawa da girmansa. Kamfanoni da yawa sai su sayi ƙaramin kati su sa rabin gem, sauran su bar wa mai saye ya sauke. L.A. Noire ya nemi ƙarin giga 14 bayan ka sayi katin, jerin NBA 2K ma sun saba da haka. Ana gane su da farin layi a gaban kwali da ke cewa ana buƙatar saukewa ta intanet. Akwai kuma kwalin da babu kati sam, takarda ce mai lamba. Wannan shi ya fi cutar mu, saboda lambar tana ɗaure da yankin da aka buga ta.

Na'urar kanta ba ta da ƙaidin yanki. Katin Amurka, na Turai, na Japan, duk suna tashi. Kantin Nintendo na intanet, eShop, shi ne mai yanki, kuma Switch ta yi shekarunta babu kanti na Saudiyya. Abin da jama'a ke yi shi ne buɗe asusu da ƙasar Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi na wannan ƙasar su loda. Ga inda ake tuntuɓe: katin kuɗin Amurka ba ya shiga asusun Ingila, lambar gem ta Turai ba ta karɓuwa a asusun Amurka, ƙarin labari ko kaya na cikin gem da aka saya a wani yanki yana iya ƙin aiki da katin wani yankin, musamman a gem ɗin kamfanonin waje da ke buga wa kowane yanki nasa. Ana gane yankin kwali ta tambarin shekaru: ESRB na Amurka ne, PEGI na Turai, CERO na Japan, ƙarshen lambar da ke jikin katin kuma ana ganin USA ko EUR ko JPN. Wanda aka shigo da shi ta hannun dillalin ƙasar nan yana ɗauke da tambarin shekaru na hukumar kula da kafafen watsa labarai, kuma iyaye su ɗauki wannan lambar da gaske, don Switch ba ta yara zalla ba ce, Doom da Mortal Kombat na manya ne. Mafita mai sauƙi ita ce a buɗe asusu biyu a na'ura ɗaya, na Amurka da na Ingila, ba ya cin ko halala. Kuma kada a canza ƙasar asusu da ragowar kuɗi a ciki, ba za ta bari ba sai an ƙarar da su. Menu ɗin na'urar babu Larabci. Gem ɗin da ke da Larabci a PlayStation ba dole ne na Switch ya zo da shi ba, sai a duba jerin harsuna a shafinsa na eShop kafin a biya.

Memori dole ne. Ga Switch ta farko, microSD mai alamar UHS-I, giga 256 ya ishi yawancin mutane, kuma wanda ya kai giga 64 zuwa sama sai na'urar ta sauke wani ɗan sabuntawa kafin ta karanta shi, don haka a sa shi inda akwai intanet. A saya a shagon da ke ba da rasit. Memorin jabu yana nuna 512 alhali cikinsa 32 ne, yana karɓar gem lafiya har ya cika, daga nan sai ya fara taka na baya, gem ya riƙa mutuwa a tsakiya. Ajiyar inda ka tsaya a wasa ba ta zama a memori ko a kati, a cikin na'urar take.

Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449.99 a Amurka, wato wajen riyal 1,690 kafin harajin kashi 15 da ribar dillali, kuma an sayar da miliyan uku da rabi a kwana huɗu. A ƙarfi ta rufe giɓi mai yawa: ram giga 12, ma'aji giga 256, allo inci 7.9 mai 1080p, da fasahar DLSS ta Nvidia da ke zana hoto ƙarami ta ɗaga shi ya fito da kaifi. Cyberpunk 2077 ya zo ranar farko yana aiki yadda ya kamata. Street Fighter 6 yana ba da 60 a faɗa kuma yana haɗa ka da masu sauran na'urori. Fortnite ya hau 60. Yawancin gem ɗin tsohuwar suna tashi a kanta, wasu da ke sarƙewa a da ma sun miƙe. Wannan ci gaba ne na gaske, telan ya samu yadi.

Amma tsohuwar matsalar kati ta dawo da sabon suna, Game-Key Card. Kati ne da ake sawa a na'ura kamar kowane, sai dai babu gem a cikinsa, mabuɗi ne kawai. Za ka sa shi, ka sauke gem ɗin gaba ɗaya ta intanet, bayan nan kuma dole katin ya kasance a ciki duk lokacin da za ka buga. Amfaninsa ɗaya a kan lambar takarda: ba ya ɗaure da asusu, ana iya ara wa ɗan uwa ko a sayar. Gem ɗin Nintendo na kansa yawanci suna zuwa a cikakken kati, kamfanonin waje ne akasarinsu suka koma wa mabuɗin. Street Fighter 6 wajen giga 50 ne, manya irinsa huɗu ko biyar sun cinye ma'ajin. Tsohon memorinka kuma ba ya ɗaukar gem a Switch 2, sai microSD Express, mai alamar EX, wanda ya fi na da tsada sosai. Wasu masu haɗa gem suna kafa hujja da cewa katin ba ya karantuwa da saurin da manyan gem ke buƙata, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma CD Projekt ya sa Cyberpunk ɗungurungum a kati mai giga 64, ya nuna ana iyawa idan an yarda a kashe kuɗin. A mafi yawan lokuta tsadar katin aka ɗauke daga wuyan kamfani aka ɗora wa mai saye ta hanyar data da memori, farashin kwali kuma bai sauko ba.

Wannan ya fi komai shafar masu tsaraba. Da yawa daga cikinmu suna saya ne don a aika Kano ko Zinder ko Sakkwato ta hannun mai dawowa daga Umara. Switch ta dace da gida ta fuskar wuta, don batirinta yana riƙe wasa idan an ɗauke. Amma katin mabuɗi a hannun yaron da ke sayen data giga biyu-biyu kwali ne kawai. Kafin na'urar ta bar ƙasar nan a buɗe ta, a yi asusu, a sabunta tsarinta, a sa kowane kati ɗaya bayan ɗaya a bar shi ya sauke duk abin da yake nema, sannan a kashe intanet a gwada kowanne a ga ya tashi. Aikin dare ɗaya ne a kan faiba. A kuma yi hattara da Switch 2 mai araha fiye da kima a kasuwar hannu: akwai samfurin da aka yi wa cikin Japan kaɗai, Japananci kawai yake yi kuma asusun Japan kawai yake karɓa.

Wani zai ce ai kuɗin Saudiyya na cikin waɗannan kamfanoni. Haka ne. Asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya sayi kashi 5 na Nintendo a 2022, ya haura kashi 8 a 2023 kafin ya rage, kuma a Satumban 2025 aka sanar da cinikin EA a kan dala biliyan 55 da PIF a kan gaban masu saye. Riyad kuma ta karɓi gasar gem ta duniya a 2024 da 2025. Hannun jari dai bai ƙara wa FC na Switch gudu ba, kuma mai saye da abin da ke kan kanta yau zai yi hukunci.

Wasan intanet yana da nasa tarkon. A cikin saitin na'ura akwai gwajin layi da ke nuna nau'in NAT, wato ma'aunin sauƙin haɗuwar na'urarka da ta wasu 'yan wasa. A ko B lafiya lau. D ko F na nufin gem ɗin da ke haɗa 'yan wasa kai tsaye za su riƙa yankewa, ana ganin lambar kuskure mai farawa da 2618. An fi samun haka a rauta mai sim, irin ta 4G da 5G da ta cika gidajen haya, saboda mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya a wurin kamfanin layi, kuma canza saitin rauta ba ya magance shi. Faiba da waya ita ce magani. Mazaunin Switch ta farko ba shi da ramin wayar intanet sai an sayi mahaɗi na USB, na samfurin Switch OLED da na Switch 2 suna da shi. Zafi ma abin lura ne. Nintendo ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, kuma manyan gem na waje su suka fi sa fankarta aiki. Kada a cusa mazaunin cikin rufaffen kabad ɗin talabijin, kada kuma a bar ta a mota da rana a watan Yuli.

Gidan da ke da PlayStation kuma ake son ta biyu don yara da tafiya, Switch OLED da memori 256 ta isa, a zuba mata Mario Kart da ƙananan gem da tsofaffin manya da aka ɗinka da kyau. Wanda na'ura ɗaya zai saya kuma ƙwallo da harbi ne abin sonsa, ya nufi PlayStation. Wanda ke son manyan gem a hannu kuma yana da faiba a gida, Switch 2 ta cancanci kuɗinta, amma ya sa kuɗin microSD Express a lissafi tun farko. A gaban kanta kuma, kafin a miƙa katin banki na mada, a juya kwalin: a duba ƙasan gabansa ko akwai farin layi mai hoton mabuɗi da adadin gigar da za a sauke, a duba tambarin shekaru don sanin yankinsa, sannan a buga sunan gem ɗin da kalmar Switch a YouTube a kalli minti biyu na wasan a kan ita na'urar, don hotunan bayan kwali ba lallai daga ita aka ɗauko su ba.